Dardumar Ulu da Kalmar "Wanki" a Libreville

A daminar farko da na yi a Libreville na lalata dardumar da mahaifiyata ta bar mini. Shayi ne ya zube a gefenta, ni kuwa na yi abin da na tashi na ga ana yi a Kano: na fitar da ita waje, na sheƙa mata ruwa, na barbaɗa garin sabulu, na dirje ta da burushi, na shanya ta a kan katanga. Kwana huɗu tana nan a jiƙe. Da na sauke ta, jan launinta ya zuba cikin farin, gashinta ya cure ya yi tauri, bayanta kuma ya yi fumfuna mai warin da har yau bai fita ba.

Na daɗe ina ɗora wa sabulun laifi. Yanzu ra'ayina shi ne kalma ce ta yaudare ni, kuma wannan ne dalilin kawo maganar gaban ɗaliban Hausa. Idan Bahaushe ya ce "wanki", abin da ke zuciyarsa aiki ne mai matakai sanannu: a jiƙa, a cuɗa, a ɗauraye, a matse, a shanya. Matakin ƙarshe ba ya ba shi tsoro, domin a ƙasarsa rana ba ta saɓa alkawari, kuma a lokacin hunturu rigar da aka shanya da hantsi takan bushe kafin azahar. Wato kalmar tana tafe da yanayin ƙasar da ta haife ta. Libreville kuwa gari ne na bakin teku, dab da layin da ya raba duniya biyu. Ruwan saman da yake samu a shekara ya kusa milimita 3,000, kimanin ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma iskarsa cike take da danshi. Ko a ranin nan nasu, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ne kawai ke ɗaukewa. Sararin sama yakan wuni a lulluɓe da gajimare. Wanda ya ɗauko "wanki" daga Kano ya kawo shi nan, ya zo da matakai huɗu ya baro na biyar a gida.

Akwai kuma matsalar ulun kansa. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su gajere, ba irin wanda ake sausayewa a kaɗa zare ba. Kalmar "ulu" ma aro ce daga Ingilishi. Shimfiɗun da kakanninmu suka sani su ne tabarma, wadda ake sharewa a goge, da buzu, wanda malami ke kakkaɓewa ya rataye. Shimfiɗar alfarma da ake kira kilishi (kada a rikita ta da kilishin nama) kayan sarauta ce, har ma a fadar Kano akwai bawan sarki mai riƙe da sarautar Kilishi. Talaka bai gaji sanin yadda ake kula da irin wannan kaya ba. Da dardumomi suka yawaita ta hannun alhazai da fatake, sai muka sa su a layin tufafi, muka ba su aikatau ɗin tufafi.

To ulu ba auduga ba ne. Gashin dabba ne, ɗan'uwan gashin kan mutum, kuma kowane silinsa yana da 'yan ɓawo-ɓawo kamar na kifi. Idan ruwan zafi da cuɗa suka haɗu a kansa, ɓawon yakan sarƙe da juna, gashin ya cure, ba kuwa ya warwarewa. Sabulu mai kaifi, da duk abin da ya yi dangantaka da kanwa ko toka, yana raunana shi, yana kuma sa rini ya zuba. Garin sabulun da muke kira omo, ko wane kamfani ne ya yi shi, da yawansa na ɗauke da sinadarin da aka tanada don cinye tabon jini da na nama, shi kuwa ulu da irin wannan sinadari abincinsa ne. Ruwan bilic, wanda a nan ake kira javel, narkar da ulu yake yi ɗungurungum. Abu mafi haɗari a garin nan shi ne ulu na iya shan danshin da ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da hannu ya ji ya jiƙe ba. Sai mutum ya shafa saman darduma ya ce ta bushe, ya shimfiɗa ta a kan siminti, alhali zaren audugar da aka saƙa bayanta da shi yana nan sharkaf. Fumfuna kuwa ba ta buƙatar fiye da kwana ɗaya ko biyu.

Abin da nake kira a kai shi ne mu koma ga sauran kalmomin da harshen ya ba mu, domin Hausa ba ta talauce a nan ba. Akwai kakkaɓewa: a rataye darduma a bubbuge ta ta baya, ƙura da yashi su zubo, don yashin nan shi ne ke yanke gashi idan ana takawa. Akwai sharewa, da tsintsiya mai laushi, a bi inda gashin ya kwanta. Akwai tsanewa, kuma ita ce sarauniyarsu. Idan abu ya zube, a ɗora farin tsumma mai tsabta a danna, a ɗaga, a sake dannawa da busasshen wuri, daga bakin tabon zuwa tsakiyarsa, ba tare da gogawa ba. In tabo ya saura, a ɗiga ɗan sabulun ruwa marar kaifi a ruwan sanyi, a ƙara ɗan ruwan khal fari, a fara gwadawa a wata kusurwa a ga ko launi zai biyo tsumma. Daga nan a tsane da zallan ruwa, a ɗaga wurin daga ƙasa, a kunna masa fanka har bayan ya bushe, ba saman kaɗai ba. Da na yi haka ran nan, da rabin kofin ruwa ya ishe ni.

Na san abin da za a ce mini, domin wani dattijo ya faɗa mini shi bayan sallar Juma'a a masallacin Hassan II. Ya ce, "Malam, wannan maganar shayi ce. In yaro ya yi fitsari a kan abin salla fa?" Tambayar tana da nauyi, kuma tsanewa da tsumma ba ta amsa ta. Sai dai duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san cewa malaman Malikiyya sun bambanta hali da hali. Najasar da aka san wurinta, wurin nan ake wankewa da ruwa mai tsarki. Sai idan wurin ya ɓace ne wanki ke hawa kan abin gaba ɗaya, wanda kuma yake kokwanton ko najasa ta taɓa, yayyafi aka umarce shi da shi. Ashe fiƙihu ya fi mu tattalin ruwa. Ana iya ɗora wurin da ya ɓaci a kan bakin bokiti, a zuba ruwan sanyi ya ratsa ya fita ta baya har najasar ta gushe, a tsane da tawul, a sa fanka. Sauran dardumar ba ta yi laifin da za a jiƙa ta ba.

Ban ce kada a taɓa yi wa dardumar ulu wankin gaba ɗaya ba. Bayan 'yan shekaru takan buƙace shi. Amma a gari irin wannan, aikin na wanda ke da wurin busarwa ne, ba na baranda ba. Haka nan ajiya: kada a naɗe ta a cikin leda a cusa a ƙarƙashin gado, domin duhu da danshi su ne gidan asu, tsutsarsa kuwa ulu take ci.

Kafin duk wannan, a tabbatar da cewa ulun ne. Yawancin dardumomin da ake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët, kamar na Kantin Kwari a Kano, zaren roba ne, kuma su wanki ba ya cutar da su sosai. A tsinko ɗan sili daga gashin dardumar a kusanta shi da ashana. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Na ulu yakan yi ƙauri irin na babbakar kan rago ranar Babbar Salla, in aka murza shi ya zama gari.