Me ya sa kasuwar maganin "warkar da suga da hawan jini" ke ƙara ci?

Duk wanda ya ratsa tashar mota ko kasuwa a Kano, Kaduna ko Maraɗi ya san muryar nan ta lasifika, mai tallar kwalba guda da ke maganin basir, sanyi, taifot, ciwon suga da hawan jini. Yanzu tallar ta koma cikin waya. A TikTok, Facebook da WhatsApp ana nuna mutum yana rantsuwa ya warke har ya zubar da ƙwayoyin asibiti.

Ba jahilci kaɗai ke kai mutane can ba, domin masu digiri ma suna saye. Dalili na farko kuɗi ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa. Na biyu, mai magani yana da lokacin sauraro, alhali a asibiti sai an wuni a layi kafin a ga likita na 'yan mintoci. Na uku, wanda ya fi ƙarfi, shi ne alƙawari. Likita zai ce maganin nan na tsawon rai ne, mai talla kuwa ya ce kwalba uku sun isa.

A wannan alƙawarin haɗarin yake. Hawan jini ba ya cika nuna alama, suga ma kan daɗe yana ɓarna a ɓoye. Wanda ya ajiye ƙwayarsa ya koma jiƙo zai iya yin watanni yana jin garau, sai ya ɗauka ya warke, har ya ba wasu shaida. Daga baya a kawo shi da shanyewar ɓarin jiki, gyambon ƙafa, raunin gani ko ciwon ƙoda. Yaro mai nau'in suga na ɗaya kuwa, in aka tsayar masa da allurar insulin, cikin 'yan kwanaki zai iya suma, har ya rasa ransa. Ga kuma ƙoda: cututtukan biyu sun riga sun raunana ta, sai a ɗora mata haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba, balle adadinsa. Kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya ninka na ƙwaya nesa ba kusa ba.

Wannan ba raina itatuwa ba ne. Daga tazargade masaniyar nan 'yar China, Tu Youyou, ta fitar da sinadarin artemisinin a 1972, wanda shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro a yau, ta kuma samu kyautar Nobel a 2015. Da tazargaden dai shugaban Madagaska na wancan lokacin, Andry Rajoelina, ya fito da Covid-Organics a Afrilun 2020 ya ce yana maganin korona. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta duba shi, ba ta samu hujjar yana warkarwa ba. Ganye ɗaya ne. Bambancin shi ne an tace na farko, an auna adadinsa, an gwada shi a kan dubban majiyyata.

Masu talla kan nuna lambar NAFDAC a matsayin hujja. Lambar da hukumar ke ba galibin magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, tana nufin an duba ko maganin na da guba ne. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta a kwalbar.

Saboda haka, kada majiyyaci ya ajiye ƙwaya ko insulin don ya fara wani magani. In kana shan jiƙo ko gari, faɗa wa likitanka, ka tafi masa da kwalbar. In tsada ce matsalar, nemi a rubuta maka irinsa mai sauƙin kuɗi, domin metformin da amlodipine suna da samfura masu araha da ke aiki daidai. Awon jini da na suga ne ke nuna sauƙi, ba jin daɗin jiki ba. Kumburin fuska ko ƙafa, raguwar fitsari, amai ko idanu su yi rawaya bayan shan wani haɗi, duk alamu ne na a daina shi a garzaya asibiti.

Mu ma likitoci da aiki a gabanmu. Majiyyacin da aka yi wa tsawa don ya sha jiƙo ba zai daina sha ba, zai dai daina faɗa mana.