Raddi Ga Masu Cewa Wayar Faifai Ba Ta Gyaruwa

Tun da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014, sannan a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, na'urar neman ƙarfe ta zama jarin samari masu yawa a arewacin Nijar. Sai ga wata magana tana yawo a bakin wasu dillalan na'urorin, wai idan wayar da ta haɗa faifai, wato zagayen da ake lilawa a kan ƙasa, da akwatin na'ura ta lalace, faifan ya mutu ke nan, sai dai a sayi sabo. Wannan magana kuskure ce, kuma wanda take cuta shi ne mai nema da ke tsakiyar hamada, nesa da kowane shago.

Hujjarsu ta farko: an daidaita waya da faifai tun daga masana'anta, ko kaɗan aka rage ma'auni ya ɓaci. Ina cewa sun sa ma'aunin inda ba nan yake ba. A na'urori irin su Fisher Gold Bug, cikin faifan akwai naɗin waya biyu, ɗaya yana aika saƙo, ɗaya yana saurare. An jera su yadda mai sauraren ba zai ji ɗan'uwansa ba sai ƙarfe ya gitta, sannan aka daskarar da su cikin gam. Can daidaiton yake. Wayar da ke hawa sandar na'ura isar da saƙo kawai take yi, kuma yanke santimita 3 ko 4 daga wadda ta fi mita guda ba abin da kunne zai ji ba ne. Inda suke da gaskiya shi ne canza wayar baki ɗaya da wata iri. Na'ura kamar Minelab GPX 5000 tana harba wuta ne ta katse, ta saurari amsar ƙasa cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma wayar da ke riƙe caji fiye da kima tana jinkirta wannan saurare, ƙananan ƙwayoyin zinariya su wuce ba a ji ba. To wannan hujja ce a kan mai ɗauko wayar lantarki ta gida ya jona, ba a kan mai datse ruɓaɓɓen wuri ba.

Ta biyu: ba a iya sanin inda ta tsinke, tunda roba ta rufe ta. Ai an san inda take tsinkewa. Galibi wuri biyu ne, bayan fulogi da kuma inda ta shiga faifai, domin nan take lanƙwasa a kowane lilo. A ɗora mitar auna lantarki a kan ƙusoshin fulogi, a riƙa murza wayar a hankali daga sama zuwa ƙasa. Inda lamba ta yi tsalle, nan ciwon yake. Kowane mai gyaran rediyo ya san wannan.

Ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ban raina ta ba. Sun ce a cikin wayar akwai saƙar jan ƙarfe da ke kare saƙo daga hayaniya, idan an yanke ba ta komawa. Gaskiya ne saƙon da ke dawowa daga faifai rarrauna ne ƙwarai, kuma wanda ya murɗe wayoyi da hannu ya naɗe da salatif zai ji na'urarsa tana kuka duk lokacin da faifai ya taɓa ciyawa ko dutse. Amma laifin mugun aiki ne. Mai gyara na ƙwarai yakan ɗauki hoton fulogi kafin ya cire komai, don kada launi ya koma ƙusar da ba tasa ba. Yakan liƙe kowace waya da dalma kaɗan, ya sa mata robar nan mai tsukewa da zafi, ya goce mahaɗan kada su zauna kafaɗa da kafaɗa, sannan ya mayar da saƙar ta rufe su, ya haɗa ta da ƙusarta. Idan dole sai an yi jonin a tsakiya, a yi shi can sama, nesa da faifai, kuma a ɗaure wayar jikin sanda sosai, domin na'urar tana jin dalma da jan ƙarfe idan suna reto kusa da ita.

Batun shigar ruwa bayan gyara kuwa, gam mai haɗi biyu irin Araldite ya isa ya toshe bakin faifai.

Sai ta ƙarshe: wai sababbin faifai suna da ɗan ƙwaƙwalwa da ke hana gyara. Wasu suna da shi, haka ne. A GPZ 7000 yana cikin fulogin, shi ya sa ba a yar da fulogin asali, shi ake mayarwa. Faifan GPX 4500 da 5000 ba su da shi sam, fulogi ne mai ƙusa 5. Yaya za a ɗauki hukuncin wasu na'urori a ɗora wa dukkansu?

Wuri ɗaya na yarda faifai ya gagara: idan tsinkewar ta faɗa can cikin daskararren gam, inda tono zai gusar da naɗin. Wannan ma sai mita ta tabbatar, bayan an yanke wayar daf da bakin faifai an auna ragowar.