Lamba 4,294,967,297 da Masu Cewa "Malam Ya Faɗa"

Akwai wata cuta da ta kama yawancinmu a ɗakunan lacca, watau haɗiye duk abin da aka rubuta a allo ba tare da taunawa ba. Ka tambayi ɗalibi hujja, sai ya ce ai malam ne ya faɗa. To, ga wata lamba da ya kamata masu wannan hali su yi wa kallon tsanaki.

Ɗauki 2 ka ninka ta da kanta, ka sami 4. Ninka 4 da kanta, 16. Daga nan 256. Daga nan 65,536. Ƙara 1 a kan kowace, har da 2 ta farko, sai ka sami 3, 5, 17, 257 da 65,537. Dukansu biyar gagararru ne, watau ba abin da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu. Ganin haka, a shekarar 1640 Pierre de Fermat, masanin shari'a kuma gwanin lissafi na ƙasar Faransa, ya ce ya haƙiƙance duk lambobin wannan jeri haka suke. A yi masa adalci, shi da kansa ya ce bai kammala hujja ba.

Ta shida a jerin ita ce 4,294,967,297. Mara ce, tana da alƙaluma goma, kuma 3 ko 5 ko 7 ba sa raba ta. Shekara 92 maganar Fermat tana nan ba wanda ya kayar da ita, sai a 1732 Leonhard Euler, yana ɗan shekara 25, ya nuna cewa lambar nan 641 ce sau 6,700,417. Waɗannan biyu gagararru ne, ita kuwa haɗaɗɗiya ce. Wanda ke shakka ya ɗauki fensir, minti biyar sun ishe shi.

Aikin kuwa bai kai yadda ake tsoro ba. Euler ya tabbatar cewa duk gagararriyar da za ta raba wannan lamba, tilas ta kasance ninkin 64 da ɗoriyar 1. Masu wannan siffa su ne 193, 257, 449, 577, sai 641. A gwaji na biyar ƙofa ta buɗe!

Na san za a ce, ina ɗan aji ɗaya ina ja da manya? Ai Euler bai zagi Fermat ba, lissafi ya yi. Girmama malami daban, duba aikinsa daban. Mu ne muka cakuɗa su domin mu huta. Kuma wanda ya saba haddace takardar lacca ido rufe, gobe in ya zama akawu ko jami'in kuɗi, haka zai sa hannu a kan jimlar da bai tara ba, don kawai daga ofishin babba ta fito.

Misali biyar a jere suka ruɗi Fermat, mu kuwa ɗaya tak ke isar mu. Lambobi 28 da ke bin 65,537 a jerin nan, duk an tabbatar suna rabuwa, har yau kuma ba a sami gagararriya ta shida ba.