Teburin Kayan Zaƙi: Ki San Waɗanda Suka Riga Ki



Yanzu abin yayi shi ne a ƙawata teburin kayan zaƙi da launin ankon biki ko na suna. Mata da yawa sun faɗa harkar don sun iya kek, kafin su ankara jari ya narke, saboda ba su duba waɗanda suka riga su ba.

Ki zaɓi uku daga masu sana'ar a unguwarku. Ki sayi kayansu ki ɗanɗana, ki rubuta farashi, girman kaya da irin mazubinsu. Ki saurari ƙorafin uwar biki: an kawo a makare ne, ko dubulan ɗin ya sha mai? Abin da suka gaza, nan ce ƙofarki.

Sau da yawa za ki tarar da kashi biyu: 'yan mata masu kek a Instagram, da iyayenmu masu alkaki da nakiya na gara, waɗanda ke aunawa a bokiti ba ado. Wadda ta jera gireba, gullisuwa da tuwon madara cikin mazubi mai launin ankon amarya, ta samu gurbi a tsakani.

Kada ki karya farashi don ki ƙwace ciniki. Ki fara lissafa fulawa, sukari, mai, gas da wahalarki. Kuma banda kushe kayan wata. Kowa da rabonsa.

Allah ya sa albarka. Sai wata mai zuwa.