Wanda Ya Kasa Barci a Jibiya, da Wa Zai Yi Magana?

Duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a yankin Jibiya ko Sabon Birni, abin da ke fitowa a labarai shi ne yawan waɗanda aka kashe, da waɗanda aka shiga da su daji, da shanun da aka kora. Ba mai ƙirga matar da tun daren ba ta sake barcin kirki ba, wadda ƙarar babur kaɗai kan sa hantar cikinta ta kaɗa. Ba mai ƙirga magidancin da ke kwana zaune a bakin ƙofa da tocila a hannu, gari ya waye ya kasa tuna abin da ya fito yi. Waɗannan ma marasa lafiya ne, ciwonsu kuma yana da magani. A ganina wayar da ke hannunsu ita ce hanya mafi kusa ta isar musu da shi, muddin wanda zai ɗaga kiran yana jin yarensu.

Tsoro a inda ake harbi hankali ne. Abin da likitoci ke kira ciwon fargaba shi ne idan tsoron ya ƙi tafiya, ya zauna wata da watanni, ya hana mutum barci da sana'a da shiga mutane ko da ya koma inda ba abin da ke binsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da shi a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun kulawa. A wajenmu mai wannan ciwo ba ya zuwa asibiti ya ce yana da fargaba. Cewa yake yi, “Malam, gabana ke yawan faɗuwa,” ko “ƙirjina kamar an ɗora dutse,” ko “tunani ya yi mini yawa.” Sai a auna jini, a ce hawan jini ne ko ulsa ko taifot, a rubuta magani. In bai ji sauƙi ba ya bi ta kemis a ba shi D5 don ya runtsa, wani kuma ya faɗa wa tiramol. Daga nan ciwo ɗaya ya zama biyu.

A duba abin da mutanen bakin iyakar Najeriya da Nijar suka gani cikin 'yan shekaru. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Illela da Maigatari sun buɗe a Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba su gama farfaɗowa ba sojojin Nijar suka kifar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, har aka yi ta batun kai yaƙi. Wanda uwarsa ke Ƙonni matarsa ke Illela ya kwashe makonni yana jiran ya ji ta inda jirgi zai fara sako wuta. Sai a Maris na 2024 hanya ta sake buɗewa. Direba da ɗan dako da ɗan canji da mai tuwo-tuwo a tasha duk sun ga abincinsu ya tsaya cak sau biyu, ba tare da an tambaye su ba. A gefe guda, tun 2019 dubun dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, da yawansu a yankin Gidan Rumji. Jiki da zuciya ba sa ɗaukar wannan duka su fita lafiya.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana kan hanyar Sakkwato zuwa Illela, wato a bakin ƙofar mutanen iyaka yake. Amma kowa ya san abin da ake nufi in an ce an kai wane Kware. Budurwar da aka taɓa gani a layin ganin likita a can, maganar za ta riga ta isa gidan surukai. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, abu ne mai kyau, sai dai doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta kuma raka mutum hanyar da ake tarewa.

Shi ya sa nake goyon bayan a kai shawarar ta waya da intanet. An gwada a inda halin ya yi kama da namu. A Lebanon, Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiyar ƙasar sun gwada wani shiri a kan 'yan gudun hijirar Siriya: darasi biyar a waya, da kiran kimanin minti 15 duk mako daga wani mataimaki da aka horar, wanda ba likita ba ne. Waɗanda suka bi shirin sun fi samun sauƙi. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna aikin yana ci. Abin da ake koyarwa ba sihiri ba ne. Ana koya wa mutum jan numfashi a hankali idan zuciya ta fara dukan uku-uku. Ana taya shi ware matsalar da ke hannunsa daga wadda ta fi ƙarfinsa, ya kama guda ya yi mata dabara kafin mako mai zuwa. Ana lallaɓa shi ya koma kasuwa ko masallaci ko gidan suna da ya ƙaurace wa, kaɗan-kaɗan. Malamar asibitin matakin farko da ta samu horo da mai duba aikinta za ta iya wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne harshe. Iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ba ta raba bakin talakawa ba. Bakatsinen Jibiya da na Maraɗi, Bagobirin Sabon Birni da na Tsibiri, magana ɗaya suke yi. Waɗanda ta raba su ne ma'aikata da takardunsu. Na wannan gefe ya yi karatu da Turanci, na wancan gefe da Faransanci. Matar da ta yi hijira ta dawo da katin asibiti daga Maraɗi za ta miƙa wa malamin asibiti a Jibiya, ya juya shi ya kasa karanta abin da aka ba ta, a koma farko. Saboda haka nauyin sanin harshe biyu ma'aikaci ya kamata ya ɗauka. Ya saurari mara lafiya da Hausa, ya rubuta bayaninsa da harshen da likitan gaba zai karanta. Mara lafiya ya zo da bakinsa na gado, ya wadatar.

Wani zai ce ai sai a nemo tafinta. A ciwon ƙafa tafinta ya isa, a wannan ciwo kuwa maganar ita ce awon, ita ce kuma maganin. A ɗauki matar da ta yi watanni a hannun 'yan bindiga aka fanso ta. An kawo ta gaban likitan da ba ya jin Hausa sosai, ƙanin mijinta ne ya rako ta, shi ne zai fassara. Likita ya tambayi abin da ke hana ta barci. Ta ja mayafi, ta dubi tabarma, ta ce, “Ba komai, ciwon kai ne.” Ƙanin miji ya juya ya ce ciwon kai ne. Aka rubuta farasitamol. Abin da aka yi mata a daji ba zai taɓa fita a gaban ɗan'uwan mijinta ba, ko shekara za a yi ana tambaya. Da mace ce 'yar'uwarta a ɗaya gefen wayar, wadda ba ta san danginta ba, ba za su haɗu a gidan biki ba, wadda ta san “ba komai” ɗin Bahaushiya yakan ɗauki kaya, da sai ta ce, “Yaya, ki yi a hankali, ina jin ki,” ta yi shiru ta jira. A nan nisa da rashin ganin fuska alheri ne.

Kada kuma a ɗauka Hausa ta gama komai. Bafulatanar ruga da ke ciniki da Hausa ba lallai ta iya kuka da ita ba. A Kamba da Gaya ana bukatar mai jin Zabarmanci, a Damasak da Diffa mai jin Barbarci. Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, wanda zai sauƙaƙa shirya darussa iri ɗaya ga gefen biyu, amma a bar wa sauran harsunan ƙofa.

Duk wanda zai kafa irin wannan aiki daga ofis a Abuja ko Yamai, ina roƙonsa ya je ya kwana biyu a garin tukuna. Manhaja mai dogon rubutu da kiran bidiyo ba za ta yi ba. Da yawa ba sa karatun boko, data tana da tsada, caji sai an kai shago an biya. Kira na murya ake so, kyauta, da saƙon murya a WhatsApp ga mai babbar waya. Mutanen iyaka kan riƙe layi biyu, na MTN ko Airtel a nan, na Moov ko Zamani a can, wanda ya kama shi ake amfani da shi, don haka lambar ta zama mai shiga daga kowane ɓangare. A tuna a Satumbar 2021 an katse sadarwa a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya, da wasu na Sakkwato, aka yi watanni ba sabis. Shirin da ya dogara da waya kaɗai ranar zai mutu. A samu ɗaki guda mai ƙofa a asibitin gari, da waya ta asibitin da ma'aikaciya guda, domin matar da wayar gidan ke aljihun maigida ta samu inda za ta yi magana idan ta kawo yaro rigakafi.

Batun sirri a yankin nan batun rai ne. Mai fargaba zai ambaci wanda ya kai kuɗin fansa, da maƙwabcin da yake zargi infoma ne, da harajin da ƙauyensu ya biya kafin a bar su girbi. In wannan magana ta fita, wani na iya rasa ransa. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023. A yi aiki da ita sosai, kada a naɗi murya sai da izini, kada wani jami'i ya mai da layin hanyar tattara rahoto. Ranar da aka ji an kama mutum saboda abin da ya faɗa wa mai ba shi shawara, ba wanda zai sake kira.

Na san masu cewa wannan duk ɓata lokaci ne, a kawo tsaro fargaba za ta tafi da kanta. Tsaron shi ne kan gaba, ba na jayayya, kuma kada wata gwamnati ta fake da layin waya ta ce ta yi abin da ke kanta. Amma wadda ta kasa shayar da jaririnta yau ba za ta jira a gama da daji ba, kuma waɗanda suka koma cikin Maraɗi ko Katsina shekaru da suka wuce suna nan suna firgita cikin dare. Malaman addini ma ba kishiyoyin wannan aiki ba ne. Wajensu mutane ke fara zuwa, addu'a kuma tana kwantar da zuciya. Abin da nake fata shi ne liman ya san lambar, bayan ya yi wa mutum addu'a ya ce masa, “Ka kira waɗannan ma.” Abin da ya kamata a daina shi ne gaya wa mai ciwo cewa ƙarancin imani ke damunsa. Wannan kalma ta sa mutane da yawa sun haɗiye abin da ke cinsu.

Waya tana da iyakarta. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya yi nisa a ƙwaya, sai an gan shi ido da ido, kuma dole mai amsa kira ya san asibitin da zai tura shi da wanda zai karɓe shi a can. Wannan ne ya bambanta aikin gaskiya da masu ba da shawara a TikTok da ba wanda ya san inda suka yi karatu.

Gwamnatocin Katsina da Sakkwato da Jigawa suna iya fara wannan da kuɗin da bai kai na gina gada guda ba. Likitocin Kware su horar su kuma duba aikin, Hukumar Sadarwa ta NCC ta ba da gajeriyar lamba ta kyauta, a ɗauki matasan garuruwan da suka yi kwalejin kiwon lafiya suke zaune ba aiki. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai ofis a Yamai, ta zaunar da ma'aikatun lafiyar biyu su amince da katin mara lafiya guda, Turanci a fuska ɗaya, Faransanci a ɗayar. A fara da Illela da Ƙonni, tunda tsakaninsu tafiyar babur ce, a ga abin da shekara guda za ta nuna.