Furen 15 ga Janairu ba ya ɗora tukunya

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce tsofaffin sojojin da suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja sun zubar da mutuncin kaki, wai soja ba ya zanga-zanga. Haba Malam! Dattijon da ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ma'aikata yana jiran ariyas ɗin fanshonsa, shi ne ya zubar da mutunci, ko wanda ya shanya shi a rana?

Ka kafa hujja da bikin tunawa da sojoji na 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ai muna gani: a ajiye furanni, a busa begila, a saki fararen tattabaru, manya su maƙala bajo a ƙirji. Washegari fa? Matar sojan da ya kwanta dama a Metele a 2018, ko a dajin Sambisa, ita ce ke yawo da fayil ofis-ofis. Yau a ce ta kawo takardar shaidar rasuwa, gobe a ce sunan magaji bai yi daidai ba, ga wa'adin tashi daga gidan bariki yana matsowa, ga kuɗin makarantar marayu.

Kurtun da ke fafatawa a dazukan Zamfara kuwa yana kallon yadda ake yi wa na gabansa.

Ka ajiye wa'azin ladabin nan, ka juya alƙalaminka ga masu riƙe da kuɗin, ka tambaye su ranar biya.