LIBARBA BA MAKAMIN ƁAUNA BA CE

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da ta ke yawo a bakin waɗansu maharban Amurka, wai libarba ta isa a tari ɓauna ko giwa da ita, ba sai an saɓa doguwar bindiga ba. Mu dai ba mu yarda ba, ga kuwa dalilinmu.

Ku jawo allo mu yi lissafi. A 1912 maƙeran Holland & Holland na Ingila suka fito da harsashin doguwar bindiga mai lamba .375. Nauyin dalmarsa giram 19 ne, tana gudun ƙafa wajen 2,500 cikin sakan guda. Harsashin libarba kuwa da a ke kira .44 Magnum, wanda aka ƙera a Amurka a 1955, dalmarsa giram 15 da rabi ce, gudunta wajen ƙafa 1,400. To, in ana son a gwada ƙarfin dukansu, sai a buga nauyi sau gudu, a sake bugawa sau gudu. Kowa ya buga daidai zai ga dukan doguwar ya yi huɗun na libarba. Ba abin mamaki ba ne, gama kwanson libarba ba ya cin albarushi da yawa, bututunta kuma gajere ne.

Masu gardama za su ce ai an sha kashe giwa da manyan libarba. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma gwanaye ne ƙalilan, a kusa-kusa, galibi kuwa da wani tsaye a bayansu riƙe da doguwar bindiga. In libarba ta isa, me ya kawo wannan mai tsaro?

Abin da ya fi damunmu shi ne ranar da aka kuskure makasa. Ɓauna mai rauni takan shige duhuwa ta laɓe, tana jiran mai zuwa. Wa zai fara isa gare ta? Mai bin sawu, talaka mai iyali, wanda ke gaba. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma nan wani ke ɗebowa, bakin wani ke ƙuna. Dabbar kuma ta kwana cikin azaba a banza.

Saboda haka mu ke cewa, wanda doka ta ba izinin farauta ya ɗauki makamin da zai kashe nan take. In yabo ya ke nema, ya nema da ransa, kada ya nema da ran wani.